Malam: Kalmar da Yawan Amfani Ya Rage wa Nauyi

A yau, duk namijin da ba a san sunansa ba, a tasha ko a banki, "malam" ake ce masa. Asalin kalmar kuwa Larabci ne, mu'allim, wato mai koyarwa, kuma tushenta ɗaya da kalmar ilimi. Bakin Bahaushe ya sassaƙe ta, ya fitar da malami da malama da malamai, ya kira sana'ar malanta.

Tare da Musulunci ta samu gindin zama. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), daga baya kuma Shehu Al-Maghili ya sauka birnin a zamanin Muhammadu Rumfa. A tsarin karatun da ya kafu, ana auna mai ilimi ne da sunan wanda ya durƙusa a gabansa. Ɗalibi yakan bar garinsu ya bi malami shekaru, yana yi masa hidima, yana ɗaukar karatu a zaurensa, har ya samu ijaza mai jera sunayen waɗanda ilimin ya biyo ta hannunsu. Kalmar almajiri ma daga al-muhajir take, wato mai ƙaura. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas.

Zuwan Turawa ya faɗaɗa ma'anar. Bayan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, sunan ya hau kan masu koyarwa a aji, sannan ya bazu ga ma'aikatan En'e: malamin haraji, malamin gona, malamin asibiti. Aminu Kano, wanda ya koyar a Bauchi, ya shiga siyasa da laƙabin, har "Malam" kaɗai ya wadatar a gane shi.

Sannu a hankali kalmar ta koma ta ladabi kawai. Abin da ya zube a hanya shi ne alaƙar da take nunawa: babba ya ɗauki nauyin ƙarami, ya gyara masa aiki da hali, ya tsaya masa a gaban mutane. Shi ya sa matashin likita ko lauya yakan ari kalmar Turanci idan yana neman jagora a wurin aiki. Takardar digiri tana faɗin jami'ar da mutum ya gama, amma ba ta amsa tambayar da magabata suka fi damuwa da ita: a hannun wa ya yi karatu?