Ciwon Da Ba Ya Yage Riga

Sa'ad da na shiga aikin jinyar masu taɓin hankali, cikin shekarun 1970, ina saurayi wanda bai daɗe da barin makaranta ba, kawuna, wanda shi ya riƙe ni tun ina yaro, ya kira ni zaure bayan sallar isha'i, ya ce, "Ɗana, duk cikin ayyukan asibiti ba ka ga wanda ya dace da kai ba sai gadin mahaukata?" Ban mayar masa da magana ba, domin ladabi bai yarda ba, kuma ko da ya yarda ba ni da hujjar da zan kawo, tun da yake ni kaina haka na ɗauki aikin a lokacin. Bilhasali ma, kalmar nan da ya faɗa, watau gadi, ita ce hakikanin sunan abin da muka tarar a hannun waɗanda suka riga mu.

Gama Turawan mulki, da suka buɗe gidan mahaukata na farko a Kalaba cikin 1904, suka bi shi da na Yaba a Ikko cikin 1907, manufarsu ita ce a kawar da mai tayar wa jama'a hankali daga kan hanya, maganar warkarwa kuwa sai in ta zo da kanta. Dokar da suka kafa a 1916, wadda aka sake wa riga a 1958, mahaukaci kaɗai ta sani, abin da ya dame ta kuma shi ne wa ke da ikon tsare shi, kuma a ina. A nan Arewa, a wancan zamani, galibi gidan yari na En'e ne makomar wanda ya gagari danginsa. In bai kai can ba, to, yana wani ɗaki a ƙuryar gida da mari a ƙafa, yau a karɓo masa rubutu da tofi wurin malam, gobe turare wurin boka, jibi a kira 'yan bori su yi girka. Ban faɗi wannan don in aibanta iyayenmu ba, gama wanda ɗansa ya zaro wuƙa da tsakar dare, ga shi babu allura babu ƙwaya a duk faɗin ƙasar, abin da ya rage masa igiya ce da addu'a.

Amma akwai ɓarnar da ta fi mari wuyar kwancewa, ita ce wadda aka rubuta cikin littafi. Wani likita mai suna Carothers, wanda ya yi aiki a asibitin Mathari na Nairobi, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto cikin 1953, inda ya yi da'awar cewa baƙin ciki mai zurfi, wannan da yanzu muke kira ciwon damuwa, da wuya a same shi ga baƙar fata, har ya jingina hakan ga halittarmu da tarbiyyarmu. Asalin kuskurensa kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin jinya: waɗanda aka kawo masa ɗaure su ya ƙidaya, alhali kuwa dogari ba ya kama mai shiru, kuma matar da ta zauna a bakin gado ta daina cin abinci, ta daina kitso, ba ta tsare wa kowa hanyar kasuwa. Abin da ya fi ba ni takaici, da na san shi daga baya, shi ne cewa shekara dubu kafin wannan rahoto, Abu Zaidi al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a 934, ya riga ya rarrabe baƙin ciki gida biyu cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus: wanda ke da sababi sananne, kamar rashin masoyi ko hasarar dukiya, wanda nasiha da lallashi ke yi wa magani, da wanda ke auko wa mutum ba tare da ya san mafarinsa ba, wanda ya ce tushensa a jiki yake, sai an haɗa da maganin jiki.

Mutumin da ya fara karya wannan da'awa ta Carothers a ƙasarmu shi ne Thomas Adeoye Lambo, ɗan Abekuta, wanda ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a asibitin Maudsley na Landan, ya komo gida cikin 1954 aka ba shi asibitin Aro. Abin da ya yi a can har yau ana karantar da shi: ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba majiyyata hayar ɗakuna, da sharaɗin kowane majiyyaci ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa, mai dafa masa abinci da wanke masa tufa, da safe a zo asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin mutane, bai kuma ƙyamaci masu maganin gargajiya ba, ya jawo waɗansu daga cikinsu aiki tare da shi. Irin wannan hanya Tijjani al-Mahi ya bi a Sudan da shehunnai da malaman ƙasarsa. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta, a 1963 kuma aka buga binciken da Lambo ya yi da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell, inda suka bi gida gida a ƙauyukan Yarabawa, suka tarar da alamun damuwa da fargaba ga su nan birjik a tsakanin manoma da 'yan kasuwa waɗanda ba su taɓa taka ƙofar asibiti ba.

Mu da muka zo bayan wannan, zamanin ƙwaya muka tarar. An fara gwada Largactil a Faris cikin 1952, kuma wanda bai ga aikinta da idonsa ba, ba zai gane dalilin da ya sa tsofaffin ma'aikata ke ambatonta da girmamawa ba: a kawo maka ƙato mutum huɗu na riƙe da shi, yana zage-zage yana jin muryoyi, bayan mako biyu ka same shi a gindin bishiya yana tambayar lafiyar 'ya'yansa. Tana da nata sharrin, jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, miyau na zuba, sai mu haɗa da Artane. Wanda ba zai riƙe shan ƙwaya ba kuma a yi masa allurar Modecate ta wata-wata. Akwai kuma na'urar lantarki da Cerletti da Bini suka ƙago a Rum cikin 1938, wadda jama'a ke tsoro ƙwarai, wadda kuma na ga ta tashi mutanen da suka yi makonni ba ci ba magana. Da waɗannan muka kwance mari da yawa, muka kuma ɗauka cewa mun san aikinmu.

Wata mata ce ta nuna mini iyakar sanina, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. An tura ni riƙon wani ƙaramin asibiti na 'yan watanni, inda ake duba kowace irin cuta. Ta zo da goyo, surukarta na biye da ita, ta ce, "Malam, tsakiyar kaina ke zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu kuma na yawo a jikina kamar kiyashi, gabana na faɗuwa." Na ba ta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini. Ta komo bayan mako biyu da magana ɗaya, na sake ba ta. Ta komo na uku, na ce a raina wannan mai son allura ce, ni da na yi shekaru a ɗakin masu taɓin hankali. A zuwanta na huɗu wata dattijuwar ungozoma da ke aiki tare da mu ta roƙi surukar ta je ta riƙe mata jaririn a waje, ta jawo kujera ta zauna daf da ita, ta ce, "'Yata, yaya barci?" Ta ce tun kafin kiran assalatu na fari take farkawa, idonta biyu har gari ya waye. "Abinci fa?" Ta ce tuwo kamar ƙasa yake a bakinta. "Yaushe rabonki da zuwa suna ko biki?" Sai ta yi shiru, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, can ta ce tun da ta haihu, wata huɗu ke nan, ko yaron ba ta jin daɗin ɗauka, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, kuma da Allah zai karɓi ranta da kowa ya huta. Ina tsaye da kwalbar maganin jini a hannuna. Muka fara mata amitiriftilin da dare, muka damƙa ƙwayoyin a hannun surukar, domin yawansu a lokaci ɗaya kisa yake yi, muka gaya musu baki zai bushe, barci zai yi nauyi, kuma kada su sa ran sauƙi kafin mako biyu zuwa huɗu. Ranar da ta zo a wata na biyu, abin da na fara gani lalle ne a hannunta.

Daga ranar na gane cewa Bahaushe, musamman mace, ba ya zuwa gaban baƙo ya ce raina a ɓace yake, gama kunya ta hana, kuma tsoron kada a ce ya kasa haƙuri da ƙaddara ya hana; jikinsa yake turowa ya yi masa magana. Abin da ungozomar nan ta sani da basira, shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙididdiga cikin binciken da ta buga a 1995, wanda aka yi a cibiyoyi 15 na ƙasashe 14, har da Ibadan: a jimlace, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu zuwa asibitin kowa-da-kowa yana ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, mafi yawansu kuwa da koken jiki suke zuwa. Ƙa'idar ganewa ba ta da tsawo: a tambayi barci, da ci, da ƙarfin jiki, da ko abin da ke faranta rai dā har yanzu yana farantawa, a ga ko halin ya kai mako biyu yana hana aiki, sa'an nan a yi tambayar nan mai nauyi a kan son mutuwa, ba tare da kewaye-kewaye ba, domin tambayar ba ta sa wa kowa tunanin da ba shi da shi. In an samu sauƙi kuma a ci gaba da magani wata shida, abin da ya fi komai wuyar fahimtarwa ga wanda ya ji ya warke. Kuskuren da muka daɗe muna yi a wancan zamani shi ne Valium, wadda muka riƙa ba duk mai faɗuwar gaba da rashin barci, tana kwantar da shi a daren, bayan watanni kuwa ya zama ba ya iya rabuwa da ita.

Game da malamai, na ga masu cutarwa, masu dukan majiyyaci da sunan fitar da aljani, na kuma ga waɗanda suka fi ni hikima. Wani ɗan kasuwa ya zo mana hannuwansa sun tsattsage don yawan wanki, yana shafe sa'a guda a alwala, ya kabbarta salla sau goma yana sakewa, har jam'i ya gagare shi. Magani ya rage masa zullumi, amma wanda ya ƙarasa aikin limamin unguwarsu ne, da ya buɗe masa Risala ta Ibn Abi Zaidi, ya nuna masa hukuncin mustankihi, watau wanda kokwanto ya aure shi, cewa a mazhabar Malik abin da ake nema gare shi shi ne ya yi watsi da kokwanton ya wuce. Sa'an nan ya riƙa tsayawa a kansa da buta ɗaya, in ruwan ya ƙare alwala ta ƙare. Wannan ita ce ainihin hanyar da Victor Meyer ya bayyana a Landan cikin 1966, ta barin mai waswasi ya fuskanci abin da yake tsoro a hana shi maimaitawa, har zuciya ta saba. Tun daga nan ban ƙara ce wa kowa ya bar rubutu ko ruƙiyya ba, abin da nakan ce shi ne, "Alhaji, a sha rubutun, a sha ƙwayar, amma kada a ɗaure shi, kada a doke shi."

Sauran tarihin na kwanan nan ne, kowa ya shaida shi. A 1991 gwamnati ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko, amma ta daɗe a takarda. Binciken Oye Gureje da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2006, ya nuna cewa cikin masu lalura mai tsanani, waɗanda suka sami magani a shekarar ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, don koya wa ƙananan ma'aikata abin da dā sai ƙwararre. Asibitocin Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri suna nan cike, na Maiduguri kuma ya ɗauki nauyin waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu da barcinsu. Ga kodin, wanda aka haramta maganin tarinsa a 2018, ga tiramadol. A watan Satumba na 2019 aka buɗe wani gida a Rigasa aka fito da mutane ɗaruruwa, waɗansu da sarƙa a ƙafa, na zauna gaban talabijin ina kallon marin da na zaci mun baro a ƙuruciyata. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kawar da ta 1958 bayan shekara 65, ta kuma ba majiyyaci haƙƙin a nemi yardarsa.

Kwanan baya na raka wani jikana ƙaramin asibitin ƙauyenmu. Ina zaune a benci na ji jami'ar lafiyar, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar jikokina ba, tana ce wa wani manomi da ya zo da ciwon kai na wata uku, "Baba, yaya barci? Ƙarfe nawa kake farkawa?" Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Da ta buɗe kabad ɗin magani babu amitiriftilin ko ƙwaya ɗaya, sai ta rubuta sunan a takarda, ta ce ya saya a birni ran kasuwa, ya ba babban ɗansa ajiya, ya komo mata bayan mako biyu. Dattijon ya ninke takardar sau huɗu, ya cire hularsa ya sa ta ciki, ya tambaye ta ko zai kai kuɗin mudun gero.