Sukurun da ake ɗaure karayar ƙugu da shi: me ke ba shi ƙarfi?

Jama'ar zango, wanda ya karye a hannu ko a sango, ana iya sa masa filasta. Ƙugu ba haka yake ba. Ƙashinsa kamar zobe yake, shi ke ɗaukar nauyin gangar jiki ya sauke wa ƙafafu, ga manyan jijiyoyin jini a kewayensa. Haɗarin mota ko babur, ko faɗowa daga bisa gini, kan fasa zoben, kuma mutum na iya zubar da jini ta ciki har ya rasa rai. Muna girmama masu ɗori, amma wannan karaya ta asibiti ce.

'Yan uwanmu mazauna yankin Washington a Amurka suna kusa da inda aka tsara ilimin. A asibitin Shock Trauma na Baltimore ne likitoci Jeremy Young da Andrew Burgess suka rarraba karayar a 1986 bisa inda bugun ya fito: daga gefe, daga gaba, ko wanda ya ture rabin ƙugun sama. Hukumar FDA mai ba da izinin sayar da sukurun kuwa tana Silver Spring, jihar Maryland.

Sukurun da aka fi sa wa a bayan ƙugu kaurinsa milimita 6.5 zuwa 7.3 ne, na titaniyam ko ƙarfe mara tsatsa, da rami a tsakiyarsa don a zura shi kan siririyar waya ana kallo ta hoton ƙashi. Iri biyu ne. Mai haƙora a baki kawai yana jawo ƙasusuwa biyu ya matse su. Mai haƙora tun daga kai har baki ba ya matsewa, riƙewa yake yi, shi ya sa ake zaɓarsa idan ƙashin ya farfashe, don kada a danne jijiyar da ke zuwa ƙafa.

Wajen gwaji akwai ƙa'idar ASTM F543: a murɗa sukurun har ya karye, a kuma ɗaura shi cikin wani soso mai tauri da ke kwaikwayon ƙashi a fizge shi, a auna ƙarfin da ya ɗauka. Kauri da tsawo da zurfin haƙora duk suna ƙara riƙo. Sai dai kowane kafinta ya sani, sukuru ba ya kama katakon da gara ta ci. Haka ƙashin dattawanmu yake, musamman iyaye mata, idan ya yi laushi. A nan likita kan sa doguwa da ta ratsa daga wannan gefen ƙugu zuwa wancan, ko ya ƙara ta biyu, ko wosha, ko simintin ƙashi.

Sukurun riƙo ne na wucin gadi kafin ƙashi ya haɗe. Idan karayar mai tsanani ce, sau da yawa akan hana taka ƙafar da nauyi na mako 6 zuwa 12. Wanda ya yi gaggawar komawa aiki ko tsayuwar salla kafin likita ya yarda, sukurun na iya sassautawa, a sake komawa ɗakin tiyata.