Auna Iskar Hanci a Binciken Murar Alaji: Wace Hanya ce Ta Dace da Birnin Kano?

Gabatarwa

Murar alaji kumburi ne na fatar cikin hanci, wanda ke tasowa idan garkuwar jiki ta yi wa ƙura, garin fure ko ƙwayoyin da ke rayuwa cikin katifa kallon abokan gaba. Alamominta su ne atishawa a jere, ƙaiƙayi, yoyon hanci da toshewa. Toshewar ce ta fi hana barci, kuma ita ce na'ura ta fi iya aunawa. Wannan maƙala na da ra'ayin cewa binciken wannan cuta a cikin birnin Kano ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai ya haɗa bayanin majiyyaci da awo, kuma awon da ya fi dacewa shi ne mafi sauƙi.

Me Ya Sa Bayanin Baki Bai Isa Ba?

Duk wanda ya yi hunturu a Kano ya san yadda ake shafa Robb a ƙofar hanci, nan take mutum ya ce ya samu sa'ida. Binciken Ronald Eccles a Cardiff ya nuna cewa sinadarin mentol da ke cikin irin wannan man shafawa yana zuga jijiyoyin jin sanyi ne kawai, ƙofar iskar kuwa tana nan yadda take. Wato jin buɗewa daban, buɗewar daban. Ban da haka, tun 1895 Richard Kayser ya bayyana cewa kafafen hanci biyu karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ta kumbura ɗaya ta saki, bayan wasu sa'o'i su yi musanya. Mai binciken da ya dogara da tambaya kaɗai zai iya yaba maganin da bai tsinana komai ba.

Hanyoyin Awo

Hanya ta farko ita ce rinomanometiri, mai auna matsin iska da gudunta a lokaci guda. An daidaita ƙa'idojinta a 1984, inda ake karanta sakamako a matsin Faskal 150. Ta biyu, wadda Hilberg da abokan aikinsa suka gabatar a Danmak a 1989, tana tura sauti cikin hanci ta auna faɗinsa daga amon da ya dawo. Dukkansu suna buƙatar kwamfuta, tsayayyar wuta da ƙwararre.

Ta uku ita ce na'urar auna ƙarfin shaƙa, irin wadda Youlten ya fito da ita a 1980. Bututu ne na roba mai marfin fuska. Majiyyaci zai fitar da numfashi, ya rufe baki, ya zuƙi iska ta hanci iya ƙarfinsa. A yi sau uku, a rubuta adadi mafi girma da lita a minti. Ba ta son wuta, kuma malamin jinya zai iya ɗaukarta a aljihu daga Asibitin Murtala zuwa zauren mai unguwa. Rauninta shi ne ta dogara da himmar mai shaƙar, sannan mai asma kan ba da adadi ƙasa da gaskiyar hancinsa.

Sharuɗɗan Kano

Akwai abubuwa uku da ya wajaba a kiyaye. Na farko, yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, da damina kuma laima ke raya ƙwayoyin katifa. Awon Janairu ba zai zauna a ma'auni ɗaya da na Agusta ba. Na biyu, muhalli: hayaƙin icce, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da ƙurar rumfunan kasuwar Kurmi duk suna toshe hanci ba tare da alaji ba. Na'ura ba ta faɗin musabbabi, don haka dole a haɗa da gwajin alaji na fata. Na uku, shiri: a bar majiyyaci ya huta kamar rabin sa'a kafin awo, a kuma tambaye shi ko ya ɗiga maganin hanci na kemis, domin yana buɗe ƙofa na ɗan lokaci ya ɓata sakamako.

Kammalawa

Adadin da ake kira na lafiyayye yana sauyawa da shekaru, jinsi, tsayi da ƙirar hanci, kuma yawancin jadawalin da ake dogaro da su daga wasu al'ummu aka samo su. Saboda haka muna kira ga likitocin kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero da su fara da auna lafiyayyun mazauna birni, hunturu da damina, su samar da jadawalin Kano. Sai da shi za a iya cewa wannan magani ya yi aiki, wancan bai yi ba.