Abiola Da Kingibe: Yadda Aka Zaɓi Mataimaki A 1993

Yau zan ɗan ajiye zancen littattafai in koma ga tarihi, domin akwai wani al'amari da muke maimaitawa duk bayan shekara huɗu a Nijeriya, wato cacar baki a kan wanda ɗan takarar shugaban ƙasa zai ɗauka mataimaki. Da zarar an gama zaɓen fid da gwani, sai a koma tambayar ɗan wane yanki ne, kuma masallaci yake zuwa ko coci. Ni a ganina akwai tambaya ta uku da ta fi waɗannan nauyi, amma ba kasafai ake yin ta ba: idan al'amura suka dagule, wannan mutum zai tsaya tare da maigidansa ko kuwa? Ban san wani labari da ya fito da wannan tambaya fili kamar na Cif Moshood Abiola da Ambasada Babagana Kingibe ba.

Bari mu faro daga tushe. Muƙamin mataimakin shugaban ƙasa ya shigo mana ne da tsarin mulki na 1979, lokacin da muka bar tsarin firayim minista irin na Ingila muka ɗauki irin na Amurka. Tsarin ya zo da sharaɗin cewa yawan ƙuri'a kaɗai ba ya isa, sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Saboda haka mataimaki ya zama tsanin da ake takawa a leƙa yankin da ba a da ƙarfi. Alhaji Shehu Shagari ya ɗauki Dakta Alex Ekwueme daga Anambra, Dakta Azikiwe ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu daga Zariya, Malam Aminu Kano ya ɗauki Samuel Ikoku. Cif Awolowo kuwa ya ɗauki Philip Umeadi, Kirista ɗan Kudu kamarsa, kuma bai taɓuka abin kirki a Arewa ba. Tun daga nan 'yan siyasa suka riƙe karatun cewa a haɗa Arewa da Kudu, a haɗa Musulmi da Kirista.

To a 1989 Janar Ibrahim Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa, SDP da NRC, ya ce kowa ya shiga ɗaya. A ƙarshen 1992 ya soke zaɓen fid da gwanin da aka yi, ya haramta wa mutum 23 takara, cikinsu har da Janar Shehu Musa Yar'Adua wanda ke kan gaba a SDP, da Malam Adamu Ciroma da Alhaji Umaru Shinkafi na NRC. Wannan giɓi ne ya buɗe wa Abiola ƙofa. Mutumin Abeokuta ne, attajiri, mai jaridar Concord wadda har tana da 'yar'uwa ta Hausa mai suna Amana, kuma sunansa ya zaga Arewa saboda kyauta ga masallatai da makarantu da ƙungiyoyin ƙwallo.

A ƙarshen Maris 1993 SDP ta yi babban taronta a Jos. A zagayen farko Abiola ya zo na ɗaya, Kingibe na biye da shi kurkusa, Alhaji Atiku Abubakar ya zo na uku. Kingibe ɗan Borno ne, tsohon jakada a Girka da Pakistan, kuma shi ne ya shugabanci jam'iyyar tun 1990, don haka ya san kowane lungu nata. Atiku kuwa shi ne ɗan takarar gidan Yar'Adua, tunda an hana maigidan tsayawa. Da aka ga tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta taka kara ta karya ba, sai Atiku ya janye, mutanen Yar'Adua suka juya ƙuri'unsu ga Abiola, ya yi nasara da ƙyar a zagaye na biyu. Abin da mutanen Yar'Adua suka fahimta, kuma Atiku ya sha faɗa daga baya, shi ne kujerar mataimaki tasu ce.

Daga nan Abiola ya shiga tsaka mai wuya, domin hannaye uku ne ke jan rigarsa. Na farko su ne mutanen Yar'Adua da ke jiran a cika musu alkawari. Na biyu su ne masu cewa tunda shi Musulmi ne ɗan Kudu, hankali ya ba da ya ɗauko Kirista ɗan Arewa, kuma sunan da aka fi ambata shi ne na Pascal Bafyau, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Wannan magana tana da nauyi a lokacin, don ba a manta da rigimar shigar Nijeriya ƙungiyar OIC a 1986 ba, ga jinin Zangon Kataf na 1992 bai gama bushewa ba. Na uku su ne gwamnonin SDP, waɗanda su 14 ne cikin jihohi 30 na wancan zamani. Akasarinsu sun samu tikiti ne a lokacin da Kingibe ke shugabancin jam'iyya, suka dage a kan sai shi. Gwamna kuwa shi ke riƙe da jam'iyya a jiha, shi ke da motoci da wakilan rumfa da kuɗin zirga-zirga. Bayan makonni ana kai-kawo, Abiola ya bi gwamnoni, ya bayyana Kingibe.

Mai karatu ya lura da abin da ya faru a nan. Abiola ya ɗauki mutumin da ya kusa kayar da shi a Jos, ya bar wanda ya janye masa. Babu wata doguwar tafiyar siyasa da ta haɗa su kafin wannan shekara. Aure ne na lissafi, wanda waliyyai suka ƙulla don amfanin ranar zaɓe.

A ɗaya ɓangaren, NRC ta yi taronta a Fatakwal ta tsayar da Alhaji Bashir Tofa na Kano, wanda masu karatun Hausa suka sani da littattafai irin su Tunaninka Kamanninka, Allah Ya jiƙansa. Shi ya bi tsohon karatu sau da ƙafa, ya ɗauki Dakta Sylvester Ugoh, Kirista daga Imo, wanda ya taɓa riƙe babban bankin Biyafara a lokacin yaƙin basasa. A kan takarda, tikitin Tofa ne ya cika sharuɗɗa, na Abiola kuma ya karya su.

Amma ranar 12 ga Yuni 1993 talakawa suka yi nasu lissafin. Alƙaluman da aka tattara daga jihohi sun nuna Abiola ya samu ƙuri'a wajen miliyan 8.3, Tofa wajen miliyan 5.9. Abiola ya ci jihohi 19 da Abuja. Ya ci Borno da Yobe, ƙasar Kingibe. Ya ci Filato da Binuwai da Taraba inda Kiristoci ke da yawa, ba su damu da cewa Musulmi biyu ne a tikitin ba. Ya ci Kaduna da Jigawa, har da Kano, mahaifar Tofa. Idan ranar zaɓe ce kaɗai ma'auni, to babu mai cewa gwamnoni sun ba Abiola gurguwar shawara.

Sai dai Bahaushe ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kotu ta hana hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ci gaba da bayyana sakamako, ranar 23 ga Yuni kuma gwamnatin Babangida ta soke zaɓen ɗungurungum. A nan ne bashin Jos ya taso. Shugabannin SDP, ƙarƙashin Cif Tony Anenih wanda ke kusa da gidan Yar'Adua, suka amince da kafa gwamnatin riƙon ƙwarya maimakon su dage a kan nasarar ɗan takararsu. Ban ce rashin ba Atiku kujerar mataimaki ne kaɗai dalili ba, domin Yar'Adua yana da nasa burin na sake tsayawa idan aka buɗe sabon fage. Amma mutumin da yake ganin an saɓa masa alkawari, da wuya ya tsaya gaban bindiga saboda wanda ya saɓa masa. A ƙarshen Agusta Babangida ya sauka ya miƙa wa Cif Ernest Shonekan, ranar 17 ga Nuwamba Janar Sani Abacha ya karɓe mulki.

Da Abacha ya naɗa ministocinsa, sai ga sunan Babagana Kingibe a matsayin ministan harkokin waje. Adalci ya sa in faɗi cewa ba shi kaɗai ba ne. Alhaji Lateef Jakande da Ebenezer Babatope da Olu Onagoruwa, duk mutanen ɓangaren Abiola, sun shiga wannan gwamnati, shi kansa Abiola ya ziyarci Abacha kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin, kuma da yawa sun ɗauka sojan zai gyara ɓarnar ne ya miƙa mulki. Inda maganar ta yi tsami shi ne bayan an gane ba haka ba ne. Ranar 11 ga Yuni 1994 Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a unguwar Epetedo da ke Legas, aka kama shi a cikin watan, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa. Wanda ke da alhakin kare matakin gwamnati a gaban ƙasashen duniya a lokacin shi ne abokin takararsa. Kingibe ya ci gaba da zama minista, daga harkokin waje ya koma harkokin cikin gida, ma'aikatar da gidajen yari ke ƙarƙashinta. Yar'Adua ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. An harbe Kudirat, matar Abiola, a Legas a Yuni 1996, shi kuma ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998, wata guda bayan rasuwar Abacha.

Ni dai ba alƙali ba ne a kan zuciyar kowa, kuma duk wanda ya rayu a zamanin soja ya san cewa a'a tana da tsada. Abin da nake nunawa shi ne, takardar shaidar nasarar 12 ga Yuni sunaye biyu gare ta. Da na biyun ya tsaya, da wuya a iya mayar da gwagwarmayar ta koma ta Yarbawa zalla kamar yadda aka yi, domin da an ga ɗan Borno yana cewa ƙuri'ar mutanen Maiduguri da Kano ma an sace. Tafiyarsa ta sa Arewa ta rasa muryar da za ta yi magana da yawun miliyoyin da suka zaɓi tikitin, kuma mun daɗe muna biyan wannan bashi a zargin da ake mana cewa mu muka soke zaɓen, alhali ƙuri'unmu na cikin waɗanda aka soke.

Abin da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa kujerar ba ado ba ce. A 1999 Obasanjo ya ɗauki Atiku saboda ƙarfin gidan Yar'Adua, suka ƙare a kotu kafin 2007. A ƙarshen 2006 aka haɗa Umaru Musa Yar'Adua da Goodluck Jonathan don a kwantar da hankalin yankin Neja Delta, ba a kawo cewa a 2010 mulki zai faɗo hannunsa ba. A 2018 Shugaba Buhari ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, ya ba marigayi Abiola lambar GCFR, ya ba Kingibe GCON, abin da ya sake tayar da tsohuwar muhawarar ko ya cancanta. A 2022 kuma Bola Tinubu, Bayarabe Musulmi, ya ɗauki Kashim Shettima, shi ma ɗan Borno, aka sake komawa gardamar masallaci da coci kamar 1993 ba ta koya mana komai ba.

Don haka duk lokacin da aka zo wannan gaɓa, ina ganin ya kamata mu masu jefa ƙuri'a mu ƙara tambayoyinmu. Wa ya kawo wannan mataimaki, ɗan takarar ne ko gwamnoni ne suka ɗora masa? Wane alkawari aka karya kafin a ba shi, kuma wa ke riƙe da wannan gilli? Sun taɓa shan wuya tare, ko a wurin rabon kujeru suka san juna? Idan shugaban ya kwanta ciwo ko aka tsare shi, za mu yarda wannan mutum ya riƙe mu? Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, wassalam.