Aya da Maƙwabci: Inda Ake Gwada Littafi Mai Tsarki a Duwala

Littafi Mai Tsarki ba baƙo ba ne a birnin Duwala na Kamaru. Alfred Saker, ɗan mishan na Baftis daga Ingila, ya sauka bakin kogin Wuri a 1845, kuma zuwa 1872 ya gama fassara littafin kakaf zuwa harshen Duwala, shekara sittin kafin na Hausa ya fito a 1932. Sanin nassi ba shi ne matsalar birnin ba. Abin da ake jayayya a kai shi ne wa ke cin moriyar aya idan an fita daga coci: mai karanta ta, ko wanda ke zaune kusa da shi? Ina ganin karatun da ya cancanci a kira shi aiki da nassi shi ne wanda ke ɗora wa mai bi nauyin wani, ko da zai tafka asara. Tarihin unguwar New Bell ya ishe mu hujja.

Zalunci ne ya haifi unguwar. Jamusawa 'yan mulkin mallaka sun ƙudura korar mutanen Duwala daga filayensu na bakin ruwa, suka yanka musu wuri can baya, suka bar fili tsakaninsu da mazaunin Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Masu gari ba su rungumi sabon wurin ba, sai baƙi suka cika shi a zamanin Faransawa: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Basa, Ewondo da sauransu. A irin wannan wuri, tambayar da ta jawo misalin Basamariye a Luka sura ta 10, wato wane ne maƙwabci, ba ta buƙatar dogon tafsiri. Maƙwabcin Kirista a New Bell sau da yawa Alhaji ne mai shago, wanda kiran sallar unguwarsu ke tada kowa da asuba.

Wannan unguwa aka turo Simon Mpeke, limamin Katolika, a 1947. Yana cikin 'yan Kamaru na farko da aka naɗa limamai a 1935, kuma da ya ga dama da ya tsufa a birni cikin girma da arziki. A 1959 ya bar komai ya nufi arewa mai nisa, daga bisani ya zauna Tokombere cikin mutanen duwatsun Mandara, waɗanda masu mulkin filin ƙasa suka daɗe suna rainawa. Yana yawo ba takalmi, yana zama da masu addinin gargajiya ba tare da zaginsu ba, ya dage kan karatun yara. Suka kira shi Baba Simon. Ya rasu a 1975, a 2023 kuma Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa. Jean-Marc Ela, masanin tauhidi da ya yi aiki a Tokombere, daga can ya gina hujjarsa cewa a fara karanta Linjila daga yunwar manomi da ƙishirwar ƙauye. Ana iya cewa Mpeke ya gudu ya bar talakawan New Bell, kuma zargin ba ya rasa ƙamshin gaskiya. Sai dai ya sauka ne daga inda ake girmama shi zuwa inda ba a san shi ba, kuma masu neman abin duniya ba sa bin wannan hanya.

Kadinal Christian Tumi, babban bishop na Duwala daga 1991 zuwa 2009, a cikin birni ya yi nasa. A 2000 gwamnati ta kafa runduna ta musamman don yaƙar 'yan fashi, aka shiga kame da kisa ba shari'a. Tumi ya rubuta wa hukuma, ya kuma faɗa a bainar jama'a, lokacin da mutane da yawa ke tafa wa rundunar don sun gaji da ɓarayi. A Janairun 2001 aka kama samari tara a unguwar Bepanda kan zargin satar tukunyar gas, ba a sake ganinsu ba. Matiyu sura ta 25 ta sa ziyarar ɗan kurkuku cikin abin da za a tambayi mutum ranar shari'a, ga kuma gidan yarin New Bell a tsakiyar unguwa, cunkushe da ninkin ba ninkin adadin da aka gina shi dominsu. Wanda ya ɗauki ayar da gaske ba zai tambayi fursuna addininsa ko laifinsa ba kafin ya miƙa masa abinci.

Akwai wani karatun, kuma shi ya fi amo a yau. Bayan dokar 'yancin ƙungiyoyi ta 1990, da zaftare albashi a 1993, da karya darajar sefa a 1994, majami'un farkawa suka bazu lungu-lungu. Wa'azinsu: ka ba da zakka, ka shuka iri, Ubangiji zai buɗe ƙofa, a sami biza, a sami miji, a karya asirin dangi. Masana sukan yi musu kallon raini, ni kuwa ban ga dalili ba. Ɗan acaɓan da ya daina shan giya, ya riƙa kai kuɗin cefane gida saboda fasto ya tsawata masa, ya yi aiki da nassi, matarsa ce shaida. Laifin wannan karatu a wani wuri yake: yana mayar da maƙwabci abin zargi, maye ko maƙiyin da ya tare arziki. Rufe majami'u da dama da gwamnati ta yi a 2013 bai taɓa wannan cuta ba, don takardar izini aka fi dubawa.

A gabashin birni, wajen Japoma, inda aka gina filin wasa mai cin mutum 50,000 kusa da kogin Dibamba, nan babbar hanya ke fita da manyan motoci zuwa Yawunde, Bangi da Njamena. Yawancin direbobi da yaran mota 'yan arewa ne, kuma kukansu kan kuɗin goro a shingaye tsoho ne. Luka sura ta 3 ta kawo amsar Yahaya Maibaftisma ga masu karɓar haraji da sojoji: kada su karɓi fiye da ƙa'ida, kada su yi ƙwace, albashinsu ya ishe su. Bishop-bishop na Kamaru sun fitar da wasiƙa kan cin hanci a 2000, bayan ƙungiyar Transparency International ta sa ƙasar a sahun ƙarshe a 1998 da 1999. Wasiƙar ba ta ɗage shinge ko ɗaya ba, domin jami'in da ke tsaye a wurin yana da na sama da ke jiran kasonsa, kuma idan ya ƙi karɓa ana iya cilla shi daji. Direban da ke miƙa kuɗin shi ma ya san abin da littafinsa ya ce game da mai bayarwa.