Motar da ta wuce da motar da ta zauna: tarihin son mota a ƙasar Arewa

Garin Dogon Dutsi yana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, kimanin kilomita 270 gabas da Yamai, kuma tsakaninsa da iyakar Najeriya bai wuce tafiyar kilomita 40 ba. Duk abin da ya taso daga Yamai zai je Ƙonni, ko Maraɗi, ko Damagaram, sai ya gitta ta gindin dutsen nan da garin ya ci sunansa. Saboda haka yaron da ya tashi a bakin wannan hanya yakan san mota da kunne tun kafin ya san ta da ido: daga ƙugin inji kawai yake bambanta babbar motar kaya da ta fasinja. A ƙasashen Turai, idan aka ce mutum mai sha'awar mota ne, ana nufin wanda ya adana tsohuwar mota a gareji yana goge ta, yana fito da ita ranar hutu, ko wanda ya mayar da hankali ga tseren motoci. Ƙasar Arewa ta ga irin waɗannan mutane suna wucewa har sau biyu a cikin ƙarni na 20, amma ita ma ta raini nata irin son motar, wanda tarihinsa bai samu marubuta ba.

Wucewa ta farko ta faru a ƙarshen shekarar 1924. Attajirin nan mai masana'antar motoci, André Citroën, ya shirya wani ayari na motoci takwas masu ƙafafun baya irin na tankar yaƙi, domin ya nuna wa duniya cewa ƙirarsa za ta iya ratsa Afirka daga arewa zuwa kudu. Ayarin, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, ya tashi daga Kolombeshar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba 1924, ya ratsa hamada, ya sauko bakin kogin Isa, ya iso Yamai, sa'an nan ya juya gabas ta Doso ya shiga ƙasar Hausa har Tasawa da Damagaram, wadda a lokacin ita ce babban birnin mulkin mallaka kafin a mayar da shi Yamai a 1926. A cikin ayarin akwai mai ɗaukar sinima, Léon Poirier, da mai zane, Alexandre Iacovleff, kuma hotunansu sun cika da dawakin sarakuna da ƴan lifidi da suka fito tarye. Abin lura shi ne, shekara ashirin da biyar kacal ke tsakanin wannan ayari da wancan na Voulet da Chanoine, wanda ya ƙone Lugu ta Sarauniya a 1899. Dattijon da ya tsaya kallon motocin Citroën yana iya kasancewa shi ne saurayin da ya gudu daji a wancan karo, kuma ba abin mamaki ba ne idan ya dubi ƙarfen nan mai ruri da idon tuhuma.

Yana da hujjarsa kuwa, domin mota ba ta tafiya sai da hanya, hanya kuwa a wancan zamani da wuyan talaka ake yin ta. Aikin tilas ne ya share hanyoyin farko na Nijar: a ɗebi mazaje daga ƙauyuka, su sari itace, su ɗauko marmara a ka, su dandaɓe ta da hannu, domin motar kumandan ta wuce cikin sa'a guda inda su suka kwashe wata suna wahala. Ba a soke wannan aiki ba sai da dokar da Houphouët-Boigny ya gabatar a majalisar Faransa a watan Afrilu 1946. A tsawon wannan lokaci mota kayan Nasara ce da manyan kamfanonin ciniki, sai kuma ɗaiɗaikun sarakuna. Ɗan ƙasa yana shiga ta ne a matsayin direba ko yaron mota, kuma daga cikin waɗannan direbobi da yaransu ne aka samu mutanen farko da suka san cikin inji.

Motar da ta zo ta zauna ita ce Peugeot, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo. An fito da 404 a 1960, shekarar samun mulkin kai, sa'an nan 504 ta biyo baya a 1968. Dalilan karɓuwarsu a fili suke ga duk wanda ya taɓa bin hanyar marmara mai ƙunya-ƙunya: cikinsu yana nesa da ƙasa, ƙafafunsu suna shanye gargada, injinsu ba ya da wani sirri da maɓalli da sukurdireba ba za su kai gare shi ba, kuma suna ɗaukar lodin da injiniyoyin Faransa ba su taɓa mafarkinsa ba. Ko a fagen tsere sun nuna hali, domin 404 ta ci babban tseren Safari na gabashin Afirka a 1963, da 1966, da 1967, da 1968, ita kuma 504 ta ci shi a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar harhaɗa Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, abin da ya sa kayan gyara suka wadata a kasuwannin Sakkwato da Kano. Ga gari kamar Dogon Dutsi, wanda ke da ƴan'uwa da abokan ciniki a ƙetaren iyaka, wannan ya zama gata babba: abin da aka rasa a Yamai ana samun sa a Najeriya, sau da yawa ma da araha.

Akwai wata hanya ta biyu da Fijo ta riƙa shigowa, wadda matasan yau ba su cika sanin ta ba. Daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990, samarin Turai, Faransawa da Jamusawa da ƴan Holan, sukan sayi tsohuwar 404 ko 504 da ɗan kuɗi kaɗan a ƙasarsu, su ƙetare teku zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanraset da Asamaka da Arlit su sauko Agadas, sa'an nan su sayar da ita a Nijar ko su ƙarasa da ita Benin da Togo, su sayi tikitin jirgi da ribar su koma gida. Motar da a Faransa ta kusa shiga juji, a nan take fara rayuwarta ta biyu, wadda takan fi ta farko tsawo. Ma'aikaci ko malamin makaranta da ya tara albashi ya mallaki irin wannan mota yakan riƙe ta kamar doki: a wanke ta da safe, a yi mata rumfa, a san makanikinta kamar yadda ake sanin wanzamin gida. Takan kai mai naƙuda asibiti, ta ɗauko amarya, ta raka alhaji filin jirgi, har unguwa duka ta ɗauke ta tamkar tata. Ita kuwa 404 akori-kura, mai rumfar tamfol, ita ce ta haɗa ƙauyukan Dallol Mawri da kasuwanninsu, daga Matankari har Tibiri, da buhunan gero da wake da awaki da mutane a bisa.

A nan ne ya kamata a dakata a kan makaniki, domin shi ne ainihin mai son mota na wannan ƙasa. Mai gareji a Turai yana alfahari da cewa kowane ƙusa na motarsa na asali ne. Makanikin Arewa kuwa alfaharinsa shi ne motar ta tashi, ko da rabin kayan cikinta daga wata aka ciro su. Ya san a liƙe tankin da ya tsage da sabulu har a kai gari, a yanka robar cikin taya a ɗaure abin da ya saki, a hura kafireto da baki a fitar da rairayi, a saurari inji a gane wane fulogi ne ya mutu. Ilimi ne da ake ɗauka ta hanyar zama gaban maigida shekara da shekaru, daga wankin ƙarafa da miƙa maɓalli har ranar da za a yaye yaro. Harshen garejin ma abin nazari ne ga malaman Hausa: a wuri guda za a ji buji da fulogi, esansi da fetur, farmi da lasin, wato kalma ɗaya ta zo daga Faransanci ta hanyar Yamai, ɗayar daga Ingilishi ta hanyar Sakkwato, suna zaune tare ba gardama. Mai neman shaidar yadda iyaka ta raba Hausa kuma ta kasa raba ta, ya je gareji ya zauna rabin yini.

Wanda ya fi kowa kama wannan hali a hoto shi ne Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya ga aikin tilas da idonsa, daga baya ya zama mai sinima. A fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda ya yi tare da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia, tauraruwar ita ce wata ragargajajjiyar Citroën 2CV ta wani mai fataucin kaji, wadda aka laƙaba wa suna Patience, wato Haƙuri. Motar ba ta da cikakkun takardu, tana mutuwa a kowace kwana, har takan kai a kwance ta gunduwa-gunduwa domin a ƙetare kogi da ita, amma tafiya ba ta fasu ba. Ƴan kallon Turai sun ɗauke shi wasan ban dariya. Direbobin Nijar kuwa sun ga aikinsu na kullum. Rouch kansa a kan hanya ajalinsa ya same shi: hatsarin mota ne ya kashe shi a daren 18 ga Fabrairu 2004 kusa da Birnin Ƙonni, yana da shekara 86.

Wucewa ta biyu ita ce ta tseren Paris-Dakar, kuma asalinsa ma a Nijar yake. A 1977 wani matashi Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace a hamada da babur ɗinsa a lokacin tseren Abijan zuwa Nis, aka ceto shi da ƙyar, ya koma gida da niyyar kawo wasu su ga abin da ya gani. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, 74 suka isa Dakar a watan Janairu 1979, bayan sun bi ta Agadas da Yamai. Shekaru da dama bayan haka Tenere da Agadas suka zama zuciyar tseren, masu masauki da masu jagora da masu sayar da mai suka samu kasuwa ta ƴan kwanaki. Da Sabine ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, a gindin wata bishiya ta Tenere aka watsa tokarsa. Peugeot ta ci tseren sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, uku daga ciki a hannun Ari Vatanen, kuma masu tsofaffin Fijo sun ji daɗin labarin a rediyo kamar dokin gidansu ne ya yi nasara, ko da yake tsakanin waccan mota da tasu babu abin da ya haɗa su sai hoton zaki.

Sai dai tseren ya bar tabo. Motoci masu gudun da ba a saba gani ba sun riƙa ratsa ƙauyuka, kuma an yi asarar rayukan ƴan kallo, cikinsu har da wata yarinya ƴar shekara 10 da aka take a Kita ta Mali a 1988. Masu suka sun yi ta tambayar ko ya dace a ƙone dukiya haka a ƙasashen da fari na 1984 ya durƙusar. A shekarar 2000, saboda barazanar hari, a Yamai aka loda motocin cikin manyan jirage aka tsallake da su zuwa Libiya. A 2008 aka soke tseren baki ɗaya, a 2009 ya koma Amurka ta Kudu, a 2020 kuma Saudiyya. Sunan Dakar kawai ya tafi da shi.

Zamanin Fijo ma a cikin shekarun 1990 ya fara dushewa. Tawayen arewacin Nijar da yaƙin basasar Aljeriya sun rufe hanyar hamada ga masu kawo motoci. Karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ya ninka kuɗin kayan gyaran da ke zuwa daga Faransa. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta buɗe ƙofa ga motocin Japan na hannu, Toyota ta karɓe tasha, baburan Sin masu araha suka karɓe hanyoyin ƙauye, a tsakiyar shekarun 2000 kuma Kaduna ta daina harhaɗa 504. Motocin da suka biyo baya sun fi sauri, sun fi sanyi, sun fi tsimin mai, wannan ba abin musu ba ne. Amma da yawansu kwamfuta ke tafiyar da injinsu, idan suka tsaya sai an kawo na'ura ta faɗi ciwon, kunnen tsohon makaniki ba ya da sauran aiki a kansu. Ƙungiyoyin al'adu sun yi ƙoƙari wajen adana ganguna da takubba da tatsuniyoyi, gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ma yana riƙe da kututturen bishiyar Tenere da wata babbar mota ta buge a 1973. Tsofaffin direbobi da makanikan da suka san hanyar Dutsi tun tana marmara kuwa suna ta raguwa, kuma labarinsu ya cancanci a bi su da rikoda tun suna iya bayar da shi.

Su kansu motocin ba a gareji suke ƙarewa ba. Idan 404 ta kwanta kwanciyar ƙarshe, masu sayen tsohon ƙarfe sukan auna gangar jikinta da kilo. Ƙarfen ƙafafunta na baya yakan koma ƙarƙashin amalanken shanu, maƙeri ya karɓi sifirin ya ƙera gatari da wuƙa, baduku ya yanka tayar ya yi takalma, robar cikinta kuma ta zama guga a bakin wata rijiya ta Dallol.