Mayar da kunkuru mai tauraro dajin Myanmar

Kunkuru mai tauraro na Bama (wato Myanmar), wanda masana ke kira Geochelone platynota, dabba ce ta busasshen yankin tsakiyar Myanmar. Sunan ya samo asali daga zane ruwan ɗorawa mai kama da tauraro a ƙoƙon bayansa. Masu safararsa zuwa kasuwannin dabbobin ado na ƙetare sun kusa ƙarar da shi a daji a farkon shekarun 2000.

A 2004 gwamnatin Myanmar da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, daga baya kuma ƙungiyar kare kunkuru ta TSA, suka soma kiwonsa a killace da kunkuru kusan 175, galibi waɗanda aka ƙwace daga hannun 'yan fasa-ƙwauri. Zuwa 2017 sun haura 14,000.

An fara sakin su a gandun dajin Minzontaung da ke yankin Mandalay. Akan tsare su wata da watanni a shinge cikin dajin har su saba da wurin, a yi wa ƙoƙonsu lamba, wasu a manna musu na'urar bibiya. Limaman addinin Buda kan sa musu albarka a bainar jama'a kafin saki. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandun sun yarda iskokin wani dutse da ke wurin suna hukunta mai cutar da kunkuru, kuma daga cikin mutanen ne ake ɗaukar masu gadi.